Ba a Ƙarasa wa Ɗigo Magana

A ɗakin Maman Ɗigo doka ɗaya ce tak: idan Ɗigo ta fara magana, ba a ƙarasa mata.

Ɗigo ita ce 'yarta, ita kaɗai gare ta. An haife ta 'yar mitsitsiya, kakarta ta leƙa cikin tawul ta ce, "Wannan ai ɗigo ce," sunan ya bi ta har na gaskiyar ya ɓace a bakin mutane. Yanzu ta shiga shekara ta biyar, ga wayo ga ido, sai dai tana da i'ina. Kalma takan zo mata har bakin leɓe ta tsaya cak, ta yi ta bugun farkonta kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle ta ciki, wuyanta ya ɗaure, yatsun ƙafarta su dunƙule.

Da uwar ta kai ta asibitin yara, wata ma'aikaciya mai furfura ta ce mata babu allura, babu ƙwaya. "Maganin yana wurinki. Kada ki ce ta yi a hankali, kada ki kawar da ido, kuma ko kin san abin da za ta faɗa, kada ki faɗa mata. Ki jira kawai. Yaro in ya ga ana jiransa, bakin yakan saki."

Maman Ɗigo mace ce da in aka nuna mata yadda ake abu, to haka za ta yi shi, ba ragi ba ƙari. Sai ta ware wa abin lokaci. Kullum da yamma in sun dawo daga shagon da take aiki, ta zuba ruwan ɗumi a roba, ta zaunar da yarinyar a kan 'yar kujera, ta tsoma mata ƙafafu, ta ce, "To, ba ni labari." Tana cuɗa ƙafa, Ɗigo tana zuba. Da zarar kalma ta maƙale, sai hannun uwar ya tsaya a cikin ruwan, idonta a kan fuskar 'yarta, ba ya sake motsi sai kalmar ta fito. Wani lokaci ruwan har ya huce. A wannan zaman ba ta ɗaga waya, ba ta amsa kira, tukunya in tana kan wuta sai dai ta ƙone. Kuma abin yana aiki: a kan wannan kujera Ɗigo takan jero zance mai tsawo, na kyanwar makwabta da na malamarsu mai jan takalmi, tuntuɓe kaɗan ne.

Mutanen gidan kuwa abin haushi yake ba su. Gidan na iyayen mijinta ne. Surukarta, wadda kowa ke kira Inna, tana ɗakin ƙofa. Yayar mijin, Anti Babba, ta riƙe saman bene. Su kuma ɗaki ɗaya ne nasu a ƙurya, kusa da famfo.

"Ke dai kin iya ɓata yarinya," Inna kan ce daga bakin ƙofarta. "Mu ma mun haifa mun raina, ba mu taɓa ajiye aiki mun zauna sauraron ba-ba-ba ba. Ruwa take so, ki ce 'ruwa', ki ba ta, kowa ya huta."

"To, Inna," in ji Maman Ɗigo. Kuma ba ta fasa ba.

Mijin nata mai gyaran wutar lantarki ne, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye. Yana son 'yarsa, amma jira yana yi masa wuya. In ta maƙale sai ya ji kamar shi aka shaƙe, ya yi wuf ya cafe kalmar ya miƙa mata. Matar ta harare shi, ya ce, "Taimakonta na yi." Ta ce, "Ƙwace ka yi."

Anti Babba ce mai shagon gyaran gashi a bakin titin unguwar, kuma a can Maman Ɗigo take aiki. Shago ne mai madubi daga bango zuwa bango, da kujeru masu juyawa, da kwanon wankin kai a lungu, da ɗan sito a baya inda ake ajiye tawul da gashin ƙari. Anti ba ta taɓa kan kowa yanzu. Karɓar baƙi ne aikinta, da ɗaukar bidiyon kawunan da aka gama ta ɗora a waya don jawo kasuwa. Akwai Doguwa, wadda ke wankin kai da tsifa. Ƙananan kitso kuwa, irin wanda ake wuni a kansa, na Maman Ɗigo ne. Tsagarta kamar an ja da zare, kuma an san ta da abu ɗaya: in ta kama kai ba ta tashi sai ta kai ƙarshe. Wannan shi ne mutuncin mai kitso. Wadda ta bar kai a rabi sau ɗaya, labarin ya riga ta zuwa kowane gida.

In an tashi makarantar yara, Ɗigo shagon take zuwa, ta shige ƙarƙashin teburin man kitso da 'yar tsanarta da tsohon mataji, ta yi ta nata kitson.

Ranar da abin ya faru, Anti ta aiki Maman Ɗigo kasuwa sayen gashin ƙari. Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta ji dariya, tana shiga dariyar ta ɗauke. Doguwa ta sunkuyar da kai tana ta goge kwanon da ba shi da datti. Ɗigo tana ƙarƙashin tebur, da alewa a hannunta ba ta ɓare ba.

Da yamma aka zuba ruwa a roba. "To, ba ni labari." Ɗigo ta kalli ruwan. Uwar ta jira. Ruwan ya huce, yarinyar ba ta ko buɗe baki ba. Uwar ta taɓa goshinta, ba zazzaɓi. Ta ce wataƙila gajiya ce.

Washegari wata mata ta shigo wankin kai, tana zama ta hango ƙafafu a ƙarƙashin tebur, ta tafa hannu. "Lah! Wannan ce 'yar bidiyon? Ke 'yan mata, fito ki yi mana ba-ba-ba ɗin nan!"

Maman Ɗigo ta ajiye kibiyar kitso. Ba ta tambayi matar ba, sai ta ja Doguwa zuwa sito ta rufe ƙofa. "Nuna mini."

"Wallahi ba ruwana, ni riƙe fitila kawai aka ce in yi."

"Ban ce da ruwanki ba. Nuna mini."

Ga Ɗigo a tsaye a kan kujera mai juyawa, an haske ta da fitilar nan mai kama da zobe. Muryar Anti tana cewa, "Ce 'barka da zuwa shagonmu', in ba ki alewa." Yarinyar ta buɗe baki. "Ba… ba-ba-ba…" Wuyanta ya ɗaure, idonta yana yawo a shagon, uwar ta san wa take nema. Anti ta yanka wurin, ta maimaita shi, ta sa masa kiɗa, har ya zama kamar waƙa. A ƙarshe murya uku suka haɗu suka ce "Barka da zuwa!" aka fashe da dariya. A ƙasa kuwa sharhin mutane ne birjik: masu dariya, masu kwaikwayo, masu tambayar ina shagon yake.

Maman Ɗigo ta miƙa wa Doguwa wayarta. Kunnuwanta sun yi zafi kamar an kara musu dutsen guga. Ta jira har matar nan ta fita, sannan ta tsaya a gaban teburin Anti.

"Yaya, ki cire bidiyon nan."

Anti ba ta ɗago daga wayarta ba. "Wane?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Au, na 'yata? Ke kin ga mutanen da suka kalla kuwa? Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa ɗora abin da ya yi gudu haka ba. Kitsonki da kike wuni a kai, wa ya kalla?"

"Tun jiya ba ta yi magana ba."

"To da can maganar take yi?" Anti ta yi dariya ita kaɗai. Sannan ta ajiye wayar ta dube ta sama da ƙasa. "Bari in tuna miki, matar ƙanina. Yarinyar nan jininmu ce, ba daga gidanku kika zo da ita ba. Ɗakin da kike kwana na ubana ne, kujerar da kike aiki a kai tawa ce. Ni na san abin da zai cutar da ita. Gara ma ta saba da dariyar mutane tun yanzu, don duniya ba za ta zauna da roba tana jiranta ba."

"Yaya, roƙonki nake yi."

"Na ji roƙon. Ga mai son kitso can tana jira."

A gida ma ba ta samu mai goyon bayanta ba. Inna ta ce an nuna mata a waya, ita ma ta yi dariya har da hawaye, mene ne a ciki? "Jikata ta yi suna, ke kina ta kumbure-kumbure kamar an yi miki sata." Mijin ya kalli bidiyon sau ɗaya ya kife wayar, ya daɗe yana murza goshi.

"Bai kamata ba," ya ce. "Amma kin san Yaya. In na yi magana yanzu gidan nan sai ya kama da wuta. Ki bari ya lafa, mutane za su manta."

"Mutane za su manta. Ita fa?"

"Yarinya ce."

"Yarinya ce, ba kujera ba. Baban Ɗigo, ka kira ta ka ji in za ta amsa."

Ya kira. Ɗigo ta zo ta jingina da gwiwarsa, ya tambaye ta me aka koya musu yau. Ta kalli bakinsa, ta kalli ƙasa. Ya ce, "Waƙa? Ƙirga?" Ta gyaɗa kai, ba a san wanne ba. Ya tashi ya fita wai zai duba mitar wuta.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Ɗigo ta koma nuni da yatsa. Ruwa, ta nuna. Banɗaki, ta ja zanin uwar. Malamarsu ta tare Maman Ɗigo a ƙofar makaranta ta ce lafiya kuwa, yarinya ko sunanta aka kira sai dai ta ɗaga hannu? A titi wasu yara suka bi su da "ba-ba-ba", uwar ta juya, suka watse. Duk da haka kullum da yamma sai ta ɗora ruwa, ta zuba a roba, ta ce, "To, ba ni labari," ta jira har ruwan ya huce, ta goge ƙafafun, ta zubar. Inna tana kallo daga ƙofarta tana taɓe baki.

"Yanzu kuma shirun kike saurare?"

"E, Inna."

Ta so ta daina kai yarinyar shago, amma ina za ta bar ta? Inna ta ce ita ba 'yar raino ba ce, ƙafa ma ciwo take mata. Sai Maman Ɗigo ta share wani lungu a sito, ta shimfiɗa tawul, ta ce wa Ɗigo ta zauna nan kada ta fito. Ta kuma gaya wa Anti a gaban Doguwa, "Yaya, kada a sake ɗaukarta." Anti ta ce, "An ji, shugaba."

Ana nan sai ga ranar matar lauya. Ita ce babbar mai zuwa shagon, mace mai ƙiba da zobba a yatsu, wadda in ta yaba wa wuri ƙawayenta duk can za su koma. Tana da tafiya da yamma, jirgi za ta hau, kuma ƙananan kitso take so har gadon baya. Tun da safe Maman Ɗigo ta kama kan. Ta fara daga ƙeya ta hagu, tana tsagawa, tana ɗaura gashin ƙari, yatsunta suna tafiya kamar ba nata ba. Da rana ta yi tsaka ɓangaren hagu ya kammala, ya kwanta lambas yana sheƙi. Ɓangaren dama kuwa yana nan a tsefe, ya tashi buzu-buzu an danne shi da mataji. Shagon ya cika, wasu mata suna zaune a benci suna jiran layi.

Anti ta jawo fitilar zobe ta kafa, wai za ta ɗauki kitson. Matar lauya tana kallon kanta a madubi ta ce, "Af, ni kam ina 'yar nan taku mai ban dariya? Yarana sun dame ni da ita. Na ce musu shagon da nake zuwa ne, ba su yarda ba."

"Tana nan," in ji Anti. "Uwarta ce ta ɓoye ta kamar gwal."

"Ba ta jin daɗi," in ji Maman Ɗigo, ba ta ɗago ba.

"Haba dai, gaisawa kawai za mu yi."

Anti ta dubi hannun matar ƙaninta. Silin gashi uku ne a tsakanin yatsunta, ta kai tsakiyar jela. Anti ta yi kitso shekaru kafin ta zama mai shago, ta san cewa a wannan gaɓar ba a saki, in aka saki jelar warwarewa take yi tun daga tushe. Ta kuma san wadda take riƙe da kan ba ta taɓa tashi daga kai ba. Sai ta wuce sito abinta.

"Yaya."

Anti ta fito riƙe da hannun Ɗigo, ta ɗaga ta ta tsayar a kan kujerar da ke kusa, ta juya fitilar ta haske mata fuska. Ta zaro alewa daga jaka. Matan benci suka gyara zama, ɗaya har ta fito da tata wayar.

"Yaya, ki sauke ta."

"Yi aikinki, jirgi ba ya jira. Ɗigo 'yar Anti, gai da baƙuwarmu. Ce 'barka da zuwa'."

Yatsun Maman Ɗigo ba su tsaya ba. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan daga baya in ta tuna: bakinta yana cewa a sauke yarinyar, hannunta yana ci gaba da kitso, don abin da ya saba ke nan. Ta ɗago ta kalli madubi. A cikin madubin Ɗigo ba alewar take kallo ba, ba fitilar ba. Hannun uwarta take kallo.

Bakin yarinyar ya buɗe, karo na farko tun ranar nan. "Ma… ma-ma-ma…"

"Mama!" in ji matan benci baki ɗaya, suka kwashe da dariya. "Mama take kira!"

Maman Ɗigo ta saki gashin.

Jelar ta warware a hankali, gashin ƙarin ya zame ya faɗi a kafaɗar matar lauya. Ta soke kibiyar a cikin gwangwanin mataji, ta goge man hannunta a tawul, yatsa bayan yatsa. Ta zagaya ta kashe fitilar daga soket, ta tsaya tsakanin 'yarta da wayoyin, ta durƙusa har fuskarsu ta daidaita.

"Ina jin ki," ta ce. Ta ajiye hannayenta a kan gwiwa, a buɗe, ba motsi.

Ba wanda ya gane abin da ake yi. Leɓen Ɗigo ya yi rawa. Ta kalli matan, ta kalli Anti, ta rufe bakin gam. Uwar ta ƙara jira kaɗan. Da ta ga ba a nan kalmar za ta fito ba, sai ta ɗauke ta ta saɓa a kafaɗa.

"Ke! Ina za ki?" in ji matar lauya, tana dafe da rabin kanta. "Wane irin iskanci ne wannan? Dubi kaina!"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ba zan iya ƙarasawa ba."

"Ba za ki iya ba? Ni za ki yi wa haka? Jirgi zan hau!"

Anti ta tare ƙofa, muryarta ta yi ƙasa, irin ƙasan da ya fi ihu muni. "Koma ki kama kan nan."

"Ki cire bidiyon, ki ce musu su ajiye waya."

Anti ta dubi matan benci, duk ita suke kallo. Da su biyu ne kaɗai wataƙila da ta cire. A gaban mutane kuwa, matar ƙaninta ta ba ta umarni a shagonta? "Ba zan cire ba. In kin fita ƙofar nan kada ki sake dawowa. Kuma wallahi sai na tabbatar kowace mace a unguwar nan ta ji cewa kina barin kai a rabi. Mu ga wadda za ta sake zauna miki."

"Ke Doguwa, zo ki ƙarasa mini!" in ji matar lauya.

"Ni tsifa na iya," in ji Doguwa a can lungu.

Maman Ɗigo ta san duk abin da Anti ta faɗa gaskiya ne, kuma za ta aikata. Ta waiwaya ta dubi kan: rabin nan na hagu yana cikin mafi kyawun aikin da ta taɓa yi, har ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji. Ta miƙa hannu ɗaya ta ɗauki kibiyarta da matajinta mai dogon baki, don nata ne, da su ta zo. Ta ce, "Yaya, ba ni hanya, yarinya tana da nauyi." Ta raɓa ta gefenta ta fita. Zagin matar lauya ya raka su har tsallaken titi.

Kafin la'asar ta yi sanyi Anti ta iso gida, tun daga ƙofar waje ake jin ta. Ta tsaya a tsakar gida tana faɗa wa Inna, tana faɗa wa makwabtan da suka leƙo ta katanga, cewa matar lauya ta tafi da ɗankwali a ɗaure kamar mai ciwon kai, ta rantse ba ita ba shagon har abada. "Macen da muka rufa wa asiri! Na koya mata cin abinci da hannunta, yau ta tozarta ni saboda wasa da 'yar ƙanina!" Inna tana tayawa: "Ai na faɗa, tun ranar da ta fara zaman robar nan na san kanta ba daidai yake ba."

Maman Ɗigo tana jin su. Ta duba rana ta ga lokaci ya yi. Ta fito da butar ruwan zafi ta wuce ta gabansu zuwa famfo, ta surka, ta koma ɗaki ta tura ƙofa ta sa sakata. Ta zaunar da Ɗigo a kan 'yar kujera, ta tsoma ƙafafun.

Ba ta kai ga cewa komai ba aka buga ƙofar. Mijin ne, an kira shi a waya ya baro aiki. Ta buɗe masa ta mayar da sakatar. Ya tsaya da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, gumi yana bin wuyansa.

"Me kika yi haka? Kin san abin da kika jawo mana? A gidan nan za mu kwana fa, mu tashi. Aikin kuma da kika watsar, da me za mu cike gurbinsa? Ki fito yanzu ki ba Yaya haƙuri, ko a baki ne, ni zan san yadda zan lallaɓa sauran."

"Zan fito in na gama."

"Ki gama me?"

Ta koma ta durƙusa gaban robar ta sa hannu a ruwa. "To," ta ce wa Ɗigo, "ba ni labari."

"Yanzu fisabilillahi lokacin wannan ne?"

A waje Anti ta iso bakin ƙofar tana dukanta da tafin hannu. "Ka fito da ita! Ko kai ma ta shanye ka ne? Ka fito da ita ta faɗa mini a gaban Inna wa ya fi wani iko da yarinyar nan!"

Ɗigo ta motsa yatsun ƙafarta a cikin ruwan. Ta kalli uwarta, ta kalli ubanta.

"Ka…" ta ce. "Ka-ka-ka…"

Hannun uwar ya tsaya cak.

"Kaka?" Uban ya fara, ya sunkuyo. "Kakarki ki—"

Jiƙaƙƙen hannu ya kama shi a wuyan hannu, ya matse. Matar ba ta ko kalle shi ba, idonta yana kan yarinyar. Ya haɗiye sauran. Ya sauke jakar a hankali ya tsuguna, ruwan hannunta yana ɗiga a kan wandonsa.

"Ka-ka… ka…" Wuyan Ɗigo ya ɗaure. Ƙofa tana ta girgiza. Uban ya ji kalmomi sun cika masa baki, kala-kala, kowacce tana neman fita, ya datse leɓe har ya ji zafi. Bai taɓa sanin jiran yana da tsawo haka ba, bai kuma taɓa zama ya ga ƙarshensa ba.

"Kan," in ji Ɗigo. Ta ja numfashi. "Kan matar nan. Ra-rabi kitso, rabi ku-kura."

Ta dube su ta ga ba wanda ya motsa, ba wanda ya yi dariya kafin ita. Sai ita ta fara, 'yar dariya ƙarama ta hanci. Uwar ta ce, "Haka ne kuwa, rabi kura," hannunta ya koma cuɗa ƙafa. Bidiyon yana nan a wayoyin mutane, ta sani. Gobe ba ta da kujera a shagon kowa, sai dai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta ga ko akwai wadda za ta yarda ta zauna mata. Wannan na gobe ne.

"Sai kuma me ya faru?" ta ce.

"Sai… sai An-An-An…"

Dukan ƙofar ya ƙaru, har sakatar tana ƙara. Uban ya miƙe. Ya zare sakatar, ya buɗe ƙofar daidai faɗin jikinsa, ya tsaya a ciki ya cike ta. Anti ta buɗe baki za ta fara.

"Yaya," ya ce a hankali, "a dakata tukuna. Yarinya tana magana."

Ya mayar da ƙofar ya rufe, ya dawo ya tsuguna kusa da robar, suka ci gaba da jira.